Batirin da ke ƙarƙashin gadon mahaifiyata

Shekarun baya, tun muna Zongo kafin a tashe mu, an yi wata bazara da har yau in na tuna ta sai na ji gumi a bayana. Zafin Wagadugu kowa ya san shi, amma na shekarar nan ya haɗu da ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Da rana tsaka, kwanon ɗaki na ƙara don zafi, sai ka ji fanka ta yi ƙiii ta tsaya, unguwa gaba ɗaya ta ja tsaki. Mu matasa da sauƙi, sai mu ja tabarma gindin bishiya. Mahaifiyata ce abin ji. Tana da hawan jini, kuma likita ya faɗa a gabana cewa zafi ba abokin wasanta ba ne. Ba sau ɗaya ba na dawo daga telesantir ɗin da nake aiki, shagon buga waya, na tarar da ita bakin gado ta dafe kai, idanu jajur, ƙanwata na yi mata fifita. Ban gaya wa kowa ba, amma tsoro nake ji ƙwarai.

Ina da wani abokina, tare muka yi lise, wato sakandare, tare muka fito ba wani abin a zo a gani. Shi ya kama sayar da kayan gwanjon Turai. Da na kai masa kukana sai ya ce abin mai sauƙi ne: batirin kamiyo, irin na babbar mota, ƙaramar fanka mai aiki da batiri, sai sharjer.

"Kuma otomatik ne," in ji shi, yana shafa wani ɗan akwatin ƙarfe mai toka-toka. "Kuran ya zo, ya cika batiri. Batiri ya cika, ya tsaya da kansa."

Na ce, "Da kansa? Wa yake gaya masa ya cika?"

"Kai matsalarka ke nan. A ba ka zomkom, ruwan geron nan mai sanyi, maimakon ka sha sai ka tsaya tambayar wa ya noma geron."

Gaskiyarsa. Ni tun ina ƙarami ƙwaƙƙwafi ya yi mini yawa. Ni ne na taɓa kwance rediyon mahaifina don in ga masu maganar, na sha dukan da har yau ban manta ba, kuma ban daddara ba.

Ranar Lahadi muka ɗauro kayan a mobilet ɗinsa, wani ɗan ƙaramin babur. Haɗawar ba ta ba mu wuya ba, don iya abin da muka sani mun kiyaye shi: jan waya kan alamar ƙari, baƙar kan ɗayan, an sa fizibil, wato fis, kusa da batiri, kuma ba a cusa sharjer a bango sai an gama maƙala komai. Inda aka tsaya shi ne wurin ajiya. Ni na so a sa shi ƙarƙashin rumfar da ke jikin ɗakinta, a zuro waya ta taga. Can ne kejin tantabarun mahaifina yake, babba, na ƙarfe da raga, mai ƙafafu. Shi fataucin goro ya gada, amma in yana gida ba abin da ke gabansa sai tantabarun nan. Bayan rasuwarsa suka watse ɗaya bayan ɗaya, mahaifiyata ta sa kwaɗo ta kulle kejin. Kullum sai ta share gindinsa, amma ko ƙanwata da ta taɓa cewa a zuba kaji a ciki ta sha harara.

Da na ce a ajiye batirin gefen kejin, sai ta dube ni. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

"Kai, a waje? Abu mai daraja haka? To ka fita ka yi shela a layi tukuna, don ɓarayin su san inda za su nufa."

A gidanmu duk abin da yake da daraja ƙarƙashin gadonta yake kwana. Kwallayenta na aure, atamfofin da ba a taɓa yankawa ba, butar shayin mahaifina, duk suna nan a jere. Ta ja kwalla ɗaya gefe ta nuna mana gurbin. Abokina ya dube ni, na dube shi, muka tura batiri ciki. Sharjer kuwa aka ɗora shi kan kujera 'yar tsugunno kusa da ƙafar gado. Kafin mu gama wanke hannu ta ɗauko wani ƙyalle mai leshi ta lulluɓe shi, yadda ta lulluɓe talabijin da rediyo da duk wani abu mai waya a gidan.

Na ce, "Inna, wannan ba a rufe shi, zafi yake yi."

Ta ce, "Ni ma zafin nake ji, na cire kallabina?"

Daga ranar muka shiga wasan ɓuya. In na shigo in yaye, in na fita ta mayar. Amma fanka ta yi aiki. Kuran ya ɗauke, ita tana juyawa, mahaifiyata tana barcin rana har da minshari. Wallahi ranar farko da na ga haka sai da na fita waje na share ido.

Sai dai tambayata tana nan. Yaya ƙarfe zai san batiri ya ƙoshi? Sharjer ɗin yana da 'yar fitila, ja in yana aiki, tsanwa in ya gama. Na ƙudura sai na ga lokacin da take sauyawa da idona. Sai in kwanta rub da ciki a siminti, kaina rabi a ƙarƙashin gado, ina jira. Mahaifiyata ta tsallake ƙafafuna ta ce, "Allah Ya shirya. Sa'o'inka na neman aure, kai kana gadin fitila."

A kwancen nan ne na ji wani abu. Dab da fitilar za ta sauya, sai batirin ya fara wata 'yar ƙara, ɓul-ɓul-ɓul, kamar koko ya fara tafasa. Na jawo shi, na buɗe murfi ɗaya, na leƙa daga nesa. Ruwan ciki na ta fitar da ƙananan kumfa. Na taɓa jikinsa, ɗumi kawai, bai kai na tafasa ba. To in ba tafasa yake ba, iskar mece ce ke fita? Kuma ina take zuwa?

Na tafi wurin abokina. Ya sosa kai ya ce, "Ka tuna malamin shimi, mai haɗe-haɗen sinadarai, ya taɓa sa waya biyu a cikin ruwa, kumfa ta fito? Ya ce gaz ne."

"Wane irin gaz?"

"Ni ranar a benci na baya nake, ina kwafar aikin lissafinka."

Ni ma abin da na riƙe kaɗan ne. Na tuna dai akwai wata 'yar kwalba, akwai ashana, kuma 'yan mata sun yi ihu. Sai na ce mu gwada mu gani. Kada wanda ya karanta wannan ya ce zai kwaikwaya, don ruwan batiri na cin fata yana makantarwa, mu ma Allah ne kawai Ya rufa mana asiri.

Wata la'asar da mahaifiyata ta tafi suna a unguwar Larle, muka jawo batirin yana cikin ɓul-ɓul ɗinsa. Muka samo 'yar ledar da ake ƙulla ƙanƙara, muka kafa bakinta a ramin murfi ɗaya, muka ɗaure da roba. A hankali a hankali ta fara kumbura. Muna zaune muna kallonta kamar masu jiran haihuwa. Da ta yi kamar lemon tsami babba, muka ƙulle, muka rufe batiri muka mayar da shi gurbinsa, muka fito tsakar gida muka rataye ledar a igiyar shanya. Sai ga shi ba ashana a gidan. Muna cikin laluben madafa mahaifiyata ta yi sallama.

Akwai abin da ban faɗa ba, don a lokacin ni kaina ban ɗauke shi a bakin komai ba. Kullum kafin magariba mahaifiyata na zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta tura shi ƙarƙashin gado don hayaƙin ya kama katifa da atamfofi. Tun tana amarya take yi, mahaifina ne ke son ƙamshin, kuma da ya rasu ba ta fasa ba ko na yini ɗaya. Mun tashi mun gani, har ido ya daina ganinsa.

To ranar ma ta ajiye gyale, ta hura gawayi, ta cika kaskonta. Ta miƙe za ta shiga ɗaki ke nan na ce, "Inna, ɗan san mana garwashi ɗaya."

Ta tsaya da kasko a hannu. "Me kuma za ku ƙona mini?"

Abokina ya ce, "Ilimi ne, Inna."

"Ɗan nan, da kuna son ilimi da kun tsaya a lakwal kun yi karatu."

Na ɗauki garwashi ɗaya da cokali, na ɗaura cokalin a bakin doguwar gora, na tsaya nesa na miƙa. Ni a zatona za ta yi fus, ko ta ɗan yi harshen wuta mu yi dariya.

Tau!

Kai! Ƙarar ba ta yi kama da girman ledar ba ko kaɗan. Kaji suka watse, kunnena ya ɗauki ƙuwwa, abokina ya tsinci kansa a bayan randa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya da yaren More ko tayar wa ta fashe. Na fara dariya, na juyo in ga fuskar mahaifiyata, sai dariyar ta maƙale. Tana tsaye a ƙofar ɗaki, kasko a hannu, garwashi jajur. Ta bayanta ina hango ƙafar gado. Can ƙarƙashinsa batirin yake.

Na ce, "Inna, don Allah kada ki shiga da shi."

Ta dubi guntun ledar da ke lilo a igiya, ta dubi kaskon, ta ajiye shi ƙasa a hankali. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi faɗa ba. Tambaya ta shiga yi, ranar na gane inda na gado halina.

"Abin da ke cikin ledar, daga batirin ya fito?"

"Daga shi."

"Kullum yake fitarwa?"

"In ya kusa cika."

"Ina yake zuwa?"

"Nan ƙarƙashin gadon, Inna."

Na gaya mata gaskiya, ban san ko yakan taru har ya kai ga tashi ba, wataƙila ƙofar da take bari a buɗe ce ta cece mu. Sai ta ce, "Ashe numfashi yake yi. Ni na ɗauka kaya ne irin kwalla."

Na ce mafita biyu ce, ko a bar turaren ko a fitar da batirin. Ta ce turare kam ba ta bari, kada ma in sake faɗa. Waje kuma ba za ta bar shi ɓarayi su ɗauka ba. "Ku mayar wa mai shi. Zafi ai da shi aka haife mu." Na ce likita fa? Ta ce likita ba shi ke raya mutum ba. Raina ya ɓaci, har na ɗaga murya, abin da ban saba ba. Ta ɗauki buta ta bar ni tsaye. Muka cire sharjer daga bango, muka kwance wayoyi, muka fito da batirin zaure. Washegari kuran ya ɗauke tun hantsi, na tafi aiki ina jin kamar na bar ta a bakin murhu.

Da na dawo da la'asar na tarar da ita ƙarƙashin rumfa da tsintsiya, fuska duk gumi. Ƙofar kejin a buɗe take, ta share ciki tas, tsofaffin gashin tantabaru a tare gefe guda. Ta kwance makulli daga bakin zaninta ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Iska na shiga ta ko'ina, rana ba ta taɓa shi, kuma yana da kwaɗo. Ubanka don masu numfashi ya sa aka ƙera shi."

Na karɓi makullin. Na kira abokina, muka shimfiɗa katako muka ɗora batirin a ɓangare ɗaya, sharjer a ɗaya ɓangaren inda iskar batirin ba za ta riƙa bugunsa ba, muka zura waya ta taga zuwa fanka. Ƙyallen leshin ma bai yi asarar aiki ba, a kan rufin kejin ta shimfiɗa shi, inda ba ya toshe komai. Da magariba ta tura kaskonta ƙarƙashin gado, fanka na kaɗa hayaƙin har zaure. Haka ta ƙarasa bazarar lafiya, da wasu bazarorin bayanta.

Amsar tambayata ta farko kuwa, sai daga baya na same ta: sharjer ɗin ƙarfin wutar batirin yake aunawa, in ya kai wani mizani ya sassauta. Da na ji sai na ga abin bai kai yadda na zata ba. Wadda ta zauna mini ita ce tambayar da ban yi niyyar yi ba. Yau da kafa batiri ya zama sana'ata, ko wane iri zan kafa, sai na tsaya na dubi ɗakin, na tambayi masu gidan me suke yi a cikinsa safe da yamma, don abin da aka saba yi kullum shi ne ba mai tunawa ya faɗa maka.

Mahaifiyata ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Ranar da muka bar Zongo, kejin nan ta sa aka fara ɗorawa a amalanke kafin gadonta. Amma abin da na fi tunawa wata yamma ce a tsohon gidan, na fito na same ta tsaye jikin ragar, ta karkata kunne, batiri na ɓul-ɓul ɗinsa. Na ce, "Inna, ke ma kin fara gadin fitila?"

Ta ɗaga mini hannu in yi shiru.

"Bar ni in ji," ta ce. "An daɗe ba abin da ya yi motsi a cikin kejin nan."