Kalmomin Jarrabawa a Bakin Kwarin Mahuta

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga Unguwar Mu'azu, ko karyawa ban yi ba, raina kuma a dagule. Jarrabawar Turanci ta matso, sau biyu tana kayar da ni, a ofis kuwa an faɗa mini ƙarara cewa ba takarda, ba ƙarin girma. A ganina ranar hutu ta zaman hadda ce. Amma malamar ajinmu na yamma, wata 'yar kudancin Kaduna mai kaifin harshe, ta ce ta gaji da jin muna rera kalmomin muhalli kamar waƙa, alhali ko ɗaya ba ma iya sa wa a jimla. Ta ce kowa ya fito, za ta kai mu mu gan su da idonmu.

Bas ɗin da muka hau ya tsufa, ƙofarsa da igiya aka ɗaure. Kwandasta ya ƙara kuɗin mota, da muka yi ƙorafi ya ce mu je mu tambayi farashin taya tun da aka shiga tsuke bakin aljihu. Muka haye kogi, ruwan damina ya cika shi, jawur. Ni dai leɓena sai motsi yake, ina maimaita kalmomi, ina duba agogo.

A Kakuri muka sauka, daidai lokacin da 'yan aikin dare ke fitowa daga masaƙu, idanu jajaye, suna layin koko da ƙosai. Mu ma muka bi layi. Daga nan Malama ta zaga da mu bayan wata masaƙa, inda ruwa ke kwarara cikin kwata, shuɗi kamar an jiƙa baba, ga wari mai hawa kai. Ta nuna da lemarta ta ce, "Wannan shi ne effluent. Abin da yake yi wa rafin can kuma, pollution. Wa zai ba ni jimla?" Wani ɗan ajinmu, Inyamiri bakanike mai gareji a nan Kakuri, ya toshe hanci ya ce, "Madam, jimla ta maƙale, bari mu matsa gaba tukuna."

Gonin Gora kuwa kasuwa ce a bakin titi. Doya, gasasshiyar masara, ga itacen girki an jera tsibi-tsibi, manyan motoci masu kai kaya Abuja suna wucewa suna girgiza ƙasa. Malama ta tsaya gaban itacen ta sa muka faɗi deforestation, wato sare dazuzzuka, sau da yawa, har mai itacen ta ɗauka ciniki muke da wani yare, ta fara rage mana farashi. Kowa ya yi dariya ban da ni. Rana ta take, hadari yana haɗuwa ta gabas, ni kuwa lissafin shafukan da ban karanta ba nake yi. Na ce, "Malama, da mun juya haka nan." Ta ce saura wuri ɗaya.

Ta Sabon Tasha muka bi zuwa Mahuta. Unguwar sabuwa ce, gidaje jefi-jefi tsakanin gonakin masara, ba kwalta, ba magudanar ruwa. Malama ta kai mu bakin wani kwari mai zurfi da ruwa ya ƙwaƙule, ta buɗe baki ke nan za ta ce erosion, wato zaizayar ƙasa, sai sama ta ɓalle. Muka ruga ƙarƙashin rumfar wani gida da ke daf da kwarin. Mai gidan, dattijo ne da ya yi ritaya daga masaƙa, ya ba mu benci. Ya ce lokacin da ya sayi filin, kwarin nan yaro ma tsallake shi yake.

Bai rufe baki ba muka ji wani gum daga baya. Bangon ɗakin ƙurya ya tsage, ƙasar ƙarƙashinsa tana zubewa cikin ruwa. Matar dattijon ta ƙwalla ihu. Bakaniken nan ne ya fara zabura, ya ce, "Baba, kar ka shiga! Ku zo mu kwashe!" Ban san lokacin da na tsinci kaina a ciki ba, ruwa har idon sawu, na rungumi keken ɗinki. Muka fitar da katifa, da buhunan masara, da akwatin tufafi. Malama ta ɗauko tukwane a ka, laka ta cinye mata takalmi ɗaya. Muna fitar da gadon ƙarfe bangon ya tafi gaba ɗaya, har da taga.

Da ruwa ya tsagaita, dattijon ya tsaya yana kallon inda ɗakinsa yake dā, yana ta maimaita "Allah Ya sāka da alheri" ba tare da ya dube mu ba. Bakaniken ya zauna a kan buhu. Ya ce a garinsu can kudu irin wannan kwarin ne ya haɗiye gidan mahaifinsa, har da kabarin kakansa, shi ya sa ya taho Kaduna. Wata da watanni muna zama benci ɗaya da shi, ban taɓa sani ba. Maƙwabta suka zo suka raba kayan a ɗakunansu don ajiya, muka yi sallama.

Muka hau mota muka dawo. Na isa gida bayan la'asar, jiƙe sharkaf, mai ɗakina ta tambaye ni ko makarantar tamu ta koma noma.

Abin da na koya shi ne, kalmar da ka haddace baƙuwa ce, ba ta zama taka sai ka san wanda ta faɗa wa a ka. Ranar Litinin Malama ta ba mu insha'i a kan zaizayar ƙasa. Ni da ke gumi kafin in cika rabin shafi, ranar na yi ta rubutu, sai da ta zo ta zare takardar daga hannuna. Ta karanta a tsaye, sannan ta ja jan biro ƙarƙashin kalma ɗaya ta ce, "Erosion, r ɗaya ce. Sauran kuwa, kar ka taɓa."