Bayan An Yi Masa Arba'in

Jiya wata mai kifi daga Tiga ta shigo gidanmu, ƙafafunta duk taɓo. Warin lakar nan ta bakin dam shi ya dawo mini da kakana.

Kakana soja ne, ya yi yaƙin basasa. Haka dai aka ce. Ka yi haƙuri da "aka ce" ɗin nan, da ita na tashi.

Da yaƙi ya ƙare abokan tafiyarsa suka dawo, shi shiru. Wani ya ce ya ga motarsu tana ci da wuta. Aka yi masa uku da bakwai da arba'in, kakata ta yi takaba ta fita. Ana nan ruwan dam ya cinye tsohon garinmu, aka tayar da kowa zuwa tudu. Sai bayan wannan duka wani mutum ya yi sallama a sabon gida, fuska a ƙone tun daga goshi har haɓa, tsagen gidanmu babu ko ɗaya a kumatunsa, murya a dushe. Ya ce shi ne.

Kakata ta daɗe tana dubansa, sannan ta kawo masa ruwa. Ƙanensa kuwa, wanda muke kira Baffa, ya ƙi. Ya ce mace mai marayu, ko wa ya zo da fartanya za ta karɓa. Ya ce a ramin yaƙi mutum yakan zayyane wa abokinsa gidansu kaf, har sunan akuya. Tun ranar aka raba musu akushi. A gidanmu kuwa wa da ƙane ba sa cin tuwo daban, sai in ɗaya ba ɗan gida ba ne.

Ni na buɗe ido na tarar da akushi biyu a zaure. Kakana yana zama bayansa jingine da bango, yana jiƙa garin kwaki da barkono, abin da ba a saba ba a wajenmu. In na dame shi da tambaya yakan ce, "Amaryata, me za ki ji? Akwatin harsashi na ɗauka a ka, cikin ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Sai wuta. Sai asibiti." Ya ce kunyar fuskarsa ta tsayar da shi yana dako a kudu. Ina sauraro, ina leƙen kunnensa, ina gwada shi da na babana. Wata rana su yi kama, wata rana a'a.

Shekarar da damina ta yi gardama, ruwa ya ja baya har kufan garin ya fito. Baffa ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Malam, taso mu je gida mana, tunda ka ce ka san shi."

Muka bi su, manya da yara. Ba gini ko ɗaya, sai laka a tsattsage da kututturen tsamiyar ƙofar gida. Baffa ya harɗe hannu, bai nuna komai ba. Kakana ya dafa kututturen, ya yi gaba kaɗan, ya yi sallama a hankali. Sai kawai ya sunkuya, ya karkatar da kai hagu, ya ɗaga ƙafa ya tsallake abin da babu shi.

Mu yara muka fashe da dariya. Baffa bai yi ba. Ashe azarar ƙofar tsohon zauren ta lotsa ta gefen dama, duk ɗan gidan haka yake shiga tun yana ƙarami, ba tare da ya san yana yi ba.

Da yamma Baffa ya aiko cikin gida a zuba musu tuwo a akushi ɗaya. Gwaggona dai tana kwashewa tana cewa, "Ai dogo ko ina ya je sunkuyawa yake." Har ta rasu ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma janye wannan ba.

Yanzu duniya ta canza. Wanda ya tafi aikin soja yana kiran uwarsa a waya, ta ga fuskarsa. Ɗana ma ya ce a Kano ana gwada jini, in aka haɗa na 'ya'yan da kakana ya haifa bayan dawowarsa da na jikokin Baffa za a san gaskiya. Kakana da Baffa kuwa suna kwance kusa da juna a maƙabarta, ba mai tashi ya kare kansa. Na ce masa ya bari. Amma ba don na tabbata na hana shi ba.