Kartar da ke Cikin Gwangwanin Baba

Ƙwal! Murfin gwangwani ne ya faɗo daga saman kabad ina share ɗakin Baba, sati biyu da binne shi. Na sauke gwangwanin na leƙa ciki, na zaci maɓallai ne. Karta ce, a kwalinta, an ɗaure da roba.

Sai na zauna bakin gado. Duk unguwarmu a Kafanchan an san labarin: Baba ma'aikacin reluwe ne, caca ta kusa raba shi da Mama, ranar da aka yi masa baftisma ya ƙona kartarsa a gaban dattawan ikilisiya. Da wannan labari muka girma. Ni kaina sau nawa na ba da shaidarsa a zumuntar mata ta coci.

Na ce wa zuciyata ta zamanin da ce, mantuwa ya yi bai ƙona ta ba. Amma zuciyar ta ƙi kwanciya.

Akwai wani tsoho, abokin aikinsa, da ke tara tsofaffin karta a akwati, har baƙi kan zo daga nesa su duba. Na kai masa. Ya sa tabarau, ya shinshina, ya lanƙwasa ɗaya a kusa da kunnensa.

"'Yata, me kike so in ce?"

"Gaskiya, Baba."

"Gaskiya kuma? Ku matan coci ba ku da tausayi." Ya zaro tasa ya ajiye kusa da tawa. "Ta zamaninmu takarda ce, damina ɗaya ta kumbura kamar burodi. Taɓa taki, santsi, roba ce. Ga kuma layi-layin nan baƙaƙe a bayan kwali, irin na kayan kanti. Mu ba mu san shi ba. Wannan ba ta kai shekara goma ba."

Na roƙe shi ya sake dubawa. Ya duba, don ya faranta mini kawai. Sannan ya ce abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai: kartar caca gefenta kan yi baƙi da hannun mutane da yawa, wannan kuwa ta sha wasa amma tsab take.

Na dawo gida na hura gawayi. Nufina in ƙona ta kafin yayyena su gani. Ina kuka, ina roƙa masa gafarar Ubangiji, ina kuma jin haushinsa.

Ƙaramar 'yata, wadda ke kai masa kunu kowace yamma tun bayan rasuwar Mama, ta tsuguna kusa da ni.

"Mama, kar ki ƙona. Ta Kaka ce."

"Kin san da ita? Da wa yake yi?"

Ta kalle ni kamar na yi tambayar shirme.

"Da Kaka mace mana. Yakan raba mata nata a kan kujerarta, ya buɗe mata, kullum kuma ita ke ci. Ya ce a da can ya bar ta ita kaɗai da yawa."