Ranar da Aka Fitar da Kujerunmu Tsakar Gida

Ƙanwata ta iya waƙa tun tana ƙarama. Da masu gasar waƙa ta talabijin suka zo Minna neman 'yan takara, ni na raka ta. Ta tsallake tantancewa, aka ce za a zo gida a ɗauki hoton inda ta taso.

Suka iso unguwarmu Limawa da hantsi, wata mata mai baƙin tabarau ce ke ba su umarni. Ta leƙa falonmu ta yamutsa fuska, wai ya yi kyau da yawa. Aka fitar da kujeru da firij tsakar gida, aka shimfiɗa tsohuwar tabarmar da muke shanya kuɓewa, aka zaunar da Inna a kai. Baba ya rufe shagonsa na yadi a Kasuwar Kure, ya sha babbar riga don a ɗauke shi, amma aka ce ya koma gefe, labarin ya fi armashi in babu shi.

"Mama, tuno wani abin baƙin ciki," in ji matar.

Inna ta ce ita dai sai godiyar Allah. Sai suka miƙo mata albasa da wuƙa, suka jira har idonta ya kawo ruwa. Ina tsaye ina kallo ban hana su ba, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Ranar da aka nuna shirin, an ɗora kiɗan tausayi, wata murya tana cewa yarinya ce da uwa ta rena ita kaɗai cikin yunwa. Waƙar ba ta kai minti ɗaya ba. Hawayen Inna kuwa sau uku aka maimaita, lambar da za a tura saƙon zaɓe tana ta yawo a ƙasan fuskarta. Washegari wata tsohuwar ƙawar Inna ta taso daga unguwar Barkin Sale yi mata ta'aziyyar miji, ta tarar da Baba yana alwala a ƙofar gida.

A mako na huɗu aka cire ƙanwata, wai ba ta girgiza jiki in tana rerawa. Ashe takardar da ta sa wa hannu ta mallaka musu waƙar da ta tsara da kanta. Bayan wata biyu na ji waƙar a rediyo cikin keke napep a bakin wanda ya ci gasar, an cusa mata ganguna ana tallan lemo da ita. Na ce wa direba ya tsaya, na ƙarasa gida da ƙafa. Na yi niyyar ɓoye wa ƙanwata, sai na tarar ta riga ni ji.