Yatsan da Ya Kai Ni Kwaleji

Yaya Sabo ya rasu.

Da safen nan ɗansa ya kira ni daga Dangora, ko kokona ban shanye ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wai bayan sallar asuba ya ce a gyara masa matashi, shi ke nan.

Yawancinku ba ku san shi ba. Masinja ne a wani ofis a birni tun zamanin Turawa, daga baya ya koma gida ya kama noma. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, ni ɗan Bebeji, shi ɗan Dangora. Amma ba don shi ba, da ban taɓa riƙe alli a gaban aji ba.

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tsoho ne yake magana.

Ana saura 'yan shekaru a samu 'yancin kai na ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai. Gidanmu babu halin ɗaukar nauyina, sai hedimasta ya ba ni fom na neman tallafin karatu, ya ce in kai birni da kaina kafin wata ya ƙare. Wanda ya makara sai baɗi, ni kuwa baɗi shekaruna sun haura.

Ku 'yan yanzu masu kukan intanet ta ƙi buɗewa, ku matso ku ji.

Zuwana na farko a bayan lori na je, a kan buhunan gyaɗa. Na zauna a benci a ƙofar ofishin da ake karɓar fom tun hantsi har la'asar. Akawun yana ciki, ina jiyo dariyarsa. Da ya ga dama ya leƙo ta taga ya ce, "Dawo jibi."

Jibi ya ce hotona da hula, ba a karɓar mai hula. Na ce ai ba a rubuta haka a fom ba. Ya ce, "To yanzu na faɗa maka," ya ja tagarsa.

Ina tsaye ina huci sai wani dogon saurayi mai kakin masinja ya dafa ni. Ya ce, "Ƙanena, kada ka yi musu da shi. In ka ɗaga murya, takardarka ƙasan tari za ta koma." Ya raba gurasarsa biyu ya miƙo mini rabi. Shi ya kai ni wurin mai hoto, shi ya ba ni tabarma a zauren da yake kwana. Sabo ke nan.

Na kai sabon hoto, na ce to yau an gama. Akawu ya buɗe shafin ƙarshe, inda uba yake sa hannu, ya tsuke baki.

Mahaifina malami ne, da ka yake rubuta Alƙur'ani. Da alƙalamin kara da tawadarsa ya rubuta sunansa da ajami a kan fom ɗin, rubutu kamar ka yi ta kallo. Akawu ya ce, "Wannan ba sa hannu ba ne. Ko boko, ko ya dangwala yatsa kamar duk wanda bai iya rubutu ba."

Na koma Bebeji na durƙusa gaban Malam na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya ce, "Isyaku, ni ne ban iya rubutu ba?"

Na ce, "Malam, dangwalawa ɗaya ce kawai."

Ya ce, "Na rubuta sunana. In bai ishe su ba, ga fartanya can."

Wallahi ranar na ji haushin Malam, na ji haushin akawu, na zagaya bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah. Yau da na tsufa na gane Malam. A lokacin ban gane ba.

Ranar ƙarshe na sake hawa lori da fom ɗin yadda yake, don dai kada in zauna a gida ina kallon ranar tana wucewa. Sabo ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Kawo. Je ka yi azahar ka dawo."

Da na dawo ya ce, "Ta shiga. Kama hanyar gida."

Na ce yaya aka yi? Ya ce, "Roƙonsa na yi."

Bayan 'yan makonni takarda ta iso, na samu tallafin. Malam har ya koma ga Allah yana gaya wa baƙi cewa hukuma ta karɓi rubutunsa. Ni kuwa na ce ashe akawun nan yana da zuciya. Shekara da shekaru ina sa shi a addu'a, har a gaban Ka'aba na ambace shi.

Zumuncinmu da Yaya Sabo bai yanke ba. Duk kaka sai ya aiko mini da masara. Ko da na zama hedimasta bai fasa ce mini "mai hula" ba, a gaban malamaina ma.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na je gaishe shi. Yana kan tabarma a gindin mangwaro, ido ya yi rauni, amma bakin yana nan. Hira ta kai mu wancan zamani, na ce Allah ya ji ƙan akawun nan da ya tausaya mini. Yaya Sabo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ɗaga babban yatsansa na dama ya ce, "Wane akawu? Ga akawunka nan."

Ashe ina masallaci ya zagaya bayan kabad, ya taɓa tawadar ofis, ya dangwala nasa yatsan kusa da sunan Malam. Da an gane, korarsa za a yi, wataƙila har da ɗauri.

Na ce, "Yaya, shekara nawa, ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Da Malam ya ji, da ya cire ka daga makarantar. Da ya rasu kuma sai na ji nauyi." Can ya ce, "Abin yana damuna, Isyaku. Na kasa jure a kira mai rubuta Alƙur'ani jahili, na kuma kasa jure ka koma gida. Amma ƙarya na yi a takarda. In na riga ka, ka roƙa mini gafara a kai."

Na kama yatsan nan da hannu biyu, duk ya yi kanta saboda fartanya. Na yi masa alkawari.

To ga shi ya riga ni, ni kuma ga ni ina cika alkawari.

Ɗalibaina da kuke nan, na Kiru, na Tudun Wada, na Doguwa, duk wanda na taɓa koya wa harafi ɗaya, yau ina da buƙata a wurinku. Ku tsaya ku roƙa wa Yaya Sabo gafara, ku ambaci sunansa. Allah ka yafe masa wannan dangwalawa, ka yafe masa sauran kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da Malam a Aljanna su daidaita a tsakaninsu.

Akawun ma Allah ya ji ƙansa, ban janye ba. Amma addu'o'in nan na shekara da shekaru, ya Allah, kai ka san mai su.