Makiyayin Ɓeraye

Hammawa ɗan Kurugu ne, daga gidan da kowane namiji yake tashi da sanda a kafaɗa yana bin shanu. Shi kaɗai ya bauɗe. Kawunsa ya samo masa aiki a birni, a wani ɗakin bincike, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen kula da fararen ɓeraye. In ya zo gida da sallah sai 'yan'uwa su tare shi: "Ya garken naka? Ana samun nono kuwa?" Ya yi dariyar yaƙe ya wuce.

Aikin ba wuya, sai cin rai. Masu binciken sukan zuba wani sinadari a ruwan shan ɓerayen don ciwon daji ya kama musu mafitsara, sannan a gwada magani a kansu. Nasa shi ne share keji, sauya garin katakon da suke kwana a kai, da duba inda fitsari ya yi ja. Duk wanda ya fara jini, to tasa ta kusa ƙarewa. Tun yana tausayinsu har ya daina, abin da ya fi ba shi haushin kansa ke nan.

Da ya yi ritaya ya dawo ƙauye da ciwon baya, ya kama 'yar gonar gyaɗa, daga shi sai matarsa Zuwaira, 'ya'ya duk sun watse. Bara da damina ya kewaya bayan gida, ya ga fitsarinsa ya yi ja. Ko sinadarin nan ne, ko tsufa ne kawai, bai sani ba. Kalar dai ya santa.

Zuwaira ta ga alama a wandonsa wajen wanki. "Tsargiya ce, Malam," in ji ta. A nan kuwa tsargiya ba abin tashin hankali ba ce, kusan duk yaron da ke wanka a rafi yana fitsarin jini. Ya ce haka ne. Ta sayo ƙwayoyi a kemis a Karaye, ya haɗiye a gabanta. Ta dafa saiwoyi, ya shanye. Asibiti ne ba ya so, don yana tsoron sunan ciwon da za a kira a gabanta. Gara ta zauna a kan tsargiyarta.

Har aka cire gyaɗa jini bai tsaya ba. Wata safiya ya fito ya tarar da babbar rigarsa a ninke a kan tabarma, ita kuma ta yafa mayafin unguwa.

"Ina zuwa?" ya tambaye ta.

"Asibiti, Kano. Na yi wa Ashiru mai mota magana."

"Don tsargiya?"

Ta dube shi, idanunta sun kaɗa. "Malam, rabonka da shiga rafi tun kafin a ɗaura mana aure. Na ce tsargiya ce don na ga kana tsoro. Kai kuma ka amsa don kada in ji tsoro. To ni na gaji, wallahi na gaji."

Ya dubi rigar da ke kan tabarma. Can ya miƙa hannu.

"Ɗauko mini hula."