Isaka Mai Huda Gwangwani

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Maris 1986, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Isaka mai fenti a gidansa na Bouza, bayan jinyar kwana tara.

Isaka, shekara goma sha shida ina sassaƙa ƙofofi da tagogi kana shafa musu fenti, daga lakkwal, wato makarantar boko, ta Tabotaki har shagunan Madaoua. Yanzu ƙofa uku ke jingine a rumfata, farare fat ba fenti, ban san wanda zan kira ba.

Garin nan ya san ka da suna biyu, gwani da marowaci. Na biyun saboda gwangwani ne. Kowace mace na son gwangwanin fenti don ɗiban ruwa ko dama fura, kai kuwa ba ka taɓa sakin ko ɗaya ba. In ka gama aiki sai ka zuba yashi cikin ragowar fentin, ka shanya har ya daskare, ka sa ƙusa da guduma ka huda gindin gwangwanin, ka kai shi bayan gari, nesa da rijiya da turken dabbobi, ka binne. Na sha yi maka tsiya cewa gwangwani ya fi wasu mutane samun jana'iza mai kyau.

Sau ɗaya ka faɗa mini dalili. A Karofane ka taɓa ba wata tsohuwa gwangwani, ta dama wa jikanta fura a ciki, yaron ya yi mako yana amai. Ka ce, "Halidu, wanga abu ko an wanke shi da ruwa bakwai, dahi na nan. Su ce mini marowaci, ni dai ba ni badawa." Ba ka yarda na yaɗa ba, don kada tsohuwar ta ji kunya.

Ranar sadakar bakwai matarka Jima ta aiko mini da gwangwani biyar da suka rage a ɗakinka, domin masu gaisuwa sun fara roƙonta. Na yi yadda kake yi. Ina cikin hudawa maƙwabciyarku Biba ta tsaya, ta ce, "Ashe rowar ma an bar wa magaji." Na yi mata bayani, ta wuce ba ta saurara ba. Ni kaɗai na je bayan gari, ni kaɗai na dawo, kuma a hanya mata biyu ba su amsa gaisuwata ba. Sai ranar na gane abin da ka ɗauka shekara da shekaru, ni kuwa ina gefenka ina dariya. Ka yafe mini, abokina. Kewarka ta dame ni.

Ina miƙa ta'aziyya ga Jima da 'ya'yanka huɗu. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba ka ladan kowane yaron da bai sha dafi ba, ko da uwarsa ta zage ka. Amin.